Daga Ramin Crown Mines Zuwa Rafin Pilgrim's Rest

Na je Afirka ta Kudu ne don ganin tsofaffin wuraren haƙar zinarenta. Jirginmu ya sauka a filin OR Tambo na Johannesburg da sassafe a cikin watan Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar. Johannesburg na kan tudu ne, sama da mita 1,700 daga matakin teku, saboda haka sanyin safiyarta mai shiga ƙashi ne ko da rana ta fito tarwai. Wanda zai je tsakanin Mayu da Agusta ya tafi da rigar sanyi mai kauri. A wajen jami'an shige da fice, bayan fasfo da biza, duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara sai ya nuna katin rigakafi, kuma ba a sassauci a kan wannan. Na canza kuɗi kaɗan zuwa rand don tukuici da ƙananan buƙatu, sauran kuwa katin banki ya isa kusan ko'ina. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, na sayi mahaɗin caja tun a filin jirgi.

Jirgin ƙasa na Gautrain ya kai ni Sandton cikin kamar minti 15, daga can na kira mota ta Uber zuwa Mayfair, inda na kama masauki saboda abinci da masallaci. Mayfair da maƙwabciyarta Fordsburg unguwannin Musulmi ne, yawanci Indiyawa da Somaliyawa, kuma gidajen abinci na liƙa takardar shaidar halal a bakin ƙofa. Na ci biryani, washegari kuma na ci pap, tuwon masararsu, da gasasshen nama da chakalaka mai yaji. A gidan abinci ana ƙara wa mai kawo abinci kashi 10 cikin 100 na kuɗin, al'ada ce da kowa ke kiyayewa. Fordsburg ɗin ma tana cikin tarihin zinare: a nan aka murƙushe boren Turawa ma'aikatan haƙa a watan Maris na 1922, lokacin da gwamnatin Jan Smuts ta fito da igwa da jiragen yaƙi. Abin da ya tayar da su shi ne shirin kamfanoni na bai wa baƙaƙen fata wasu ayyukan da aka keɓe wa Turawa.

Wurin da na fara nufa shi ne Gold Reef City, da ke kudu da tsakiyar birni, a gefen babbar hanyar M1. An gina wurin ne a kan rami mai lamba 14 na kamfanin haƙar zinare na Crown Mines, wanda ya daina aiki a shekarun 1970. Ba kullum ake buɗewa ba, musamman idan ba lokacin hutun makaranta ba ne, don haka na duba ranakun a shafinsu na intanet kafin in fita, na kuma tabbatar ana shiga ramin a ranar. Mai zuwa ya sani tun daga gida cewa wurin shaƙatawa ne: akwai lilo iri-iri na yara da manya, akwai otel, a tsallaken titi kuma akwai gidan caca wanda ba ruwansa da mai zuwa ganin rami. Ni dai da na shiga sai na nufi dogon ginin ƙarfen nan mai manyan ƙafafun juyi a samansa, wanda ke tsaye a kan bakin ramin.

Wannan ginin shi ne ke riƙe da igiyoyin ƙarfe. Igiyar na tasowa daga wani ƙaton ganga a ɗakin inji, ta hau ta bi ta kan ƙafar juyin, sannan ta gangara ramin ɗauke da kejin da mutane ke shiga. Mai tuƙa injin ba ya ganin kejin ko kaɗan. Da ƙararrawa ake masa magana: akwai mai tsaron bakin rami a sama, akwai na ƙasa, kowane adadin bugu da ma'anarsa, tsaya, ja sama, sassauta, mutane ne a ciki. Aka ba kowannenmu hular kwano da fitila. Takalmi sau-ciki ya fi, don ƙasan a jiƙe take, tana da santsi.

Mai yi mana jagora dattijo ne da ya yi aikin ƙarƙashin ƙasa shekaru masu yawa kafin ya dawo wannan. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na kira shi. Ya ja ƙofar kejin, aka buga ƙararrawa, hasken rana ya ɗauke. Mita 75 kacal ake sauke baƙi, alhali zurfin ramin kansa ya haura mita 3,000. A da ana kai masu ziyara fiye da mita 200, amma ruwa ya cike ƙasan, kuma zan dawo kan wannan ruwan. Ko a wannan gajeriyar saukar, mutum na jin yadda rayuwarsa ta rataya ga igiya ɗaya. A watan Mayu na 1995, a mahaƙar Vaal Reefs kusa da Orkney, wani kan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kuɓuce ya faɗa rami a kan kejin da ke ɗauke da ma'aikata, mutum 104 suka rasu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a ganin zinaren. Baba ya haska bango ya nuna mana wata jijiya da ta ratsa dutsen a karkace: dunƙulallun tsakuwoyi farare na dutsen ƙanƙara (quartz), manne da juna cikin wani baƙin dutse mai ɗan ƙyalli. Wata mata a cikinmu ta nuna ƙyallin tana murna, ya ce mata wannan ba shi ba ne, farait ne, zinaren wawaye. Zinaren gaskiya yana cikin abin da ya manne tsakuwoyin, ƙanana ƙwarai, ido ba ya kama shi. Waɗannan tsakuwoyi kwancen tsofaffin koguna ne da suka daskare suka zama dutse tun kusan shekara biliyan 3. A 1886 George Harrison ya ci karo da bakin wannan jijiya inda ta ɓullo a gonar Langlaagte, kuma a shekarar aka kafa Johannesburg. Jijiyar ta nutsa ne ta yi kudu, shi ya sa kowace shekara sai an ƙara zurfi kafin a cim mata.

Yawan zinaren da ke cikin tan ɗaya na dutsen sau da yawa bai kai giram 10 ba. Na yi lissafi a tsaye a wurin: dunƙulen zinare irin na bankuna nauyinsa kusan kilo 12.5 ne, to ko da a giram 10 ne, sai an fasa tan 1,250 na dutse, an ɗora, an jawo sama, an niƙe, kafin a samu guda ɗaya. Da wannan lissafin ne mutum zai gane dalilin da ya sa aikin ya dogara ga dubban ɗaruruwan hannaye masu arha.

Daga babbar hanyar da ake tafiya a tsaye, sai ya nuna mana inda ainihin aikin yake. Tun da jijiyar siririya ce, ba a son a fasa dutsen banza a haɗa da ita, saboda haka filin haƙar tsawonsa daga ƙasa zuwa rufi bai fi mita ɗaya da ɗoriya ba, ga shi a gangare. A durƙushe ake aiki, ko a kishingiɗe, tsawon yini. Na leƙa kaina ciki na ɗan lokaci, hulata na bugun rufi. Ya jera mana yadda aikin ke zagayawa. Da farko a yi wa dutse alamar inda za a huda. A zamanin farko da guduma da kurfi ake hudawa, mutum ɗaya ya yini a kan huda ɗaya, daga baya aka kawo injin huda mai aiki da matsattsiyar iska. A cusa nakiya a cikin hudojin, a toshe bakinsu, kowa ya fita, sannan a tayar a ƙarshen aikin yini. Ba a komawa sai an bar iska ta kwashe hayaƙin na wasu sa'o'i, domin hayaƙin nakiya guba ne da ke cika huhu da ruwa, wani lokaci sai mutum ya koma ɗaki sannan ya fara ji. Idan an koma, a fesa ruwa don kwantar da ƙura, a duba ko akwai nakiyar da ba ta tashi ba, domin injin huda ya taɓa irinta shi ne ajalin mutane da yawa. Bayan nan sai bugun rufi. Baba ya ɗauki doguwar sandar ƙarfe ya daki rufin a wuri biyu don mu ji bambanci: dutse mai lafiya ƙara yake yi tsaf, wanda ya saki kuwa amonsa a dushe yake kamar akwai kogo a bayansa. Irin wannan sai a ɓamɓaro shi da gangan kafin ya faɗo wa wani. Sannan a kafa tokare, ko gungumen itace a tsaye, ko katakai da aka jera a gicciye hawa-hawa har su taɓa rufi. Ya ce tsofaffin ma'aikata na son itace saboda yana kuka kafin ya karye, ya ba mutum damar gudu. Daga nan a kwashe fasasshen dutsen a zuba a ƙananan taragu masu bin dogo.

Ya kunna injin hudar na 'yan daƙiƙu. Ƙarar a cikin wannan matsatsin ta wuce misali, har cikin haƙora ake jin ta. Kurumta na daga cikin abin da ma'aikata ke komawa gida da shi, amma babbar cutar ita ce ƙura. Dutsen ƙanƙara idan aka huda shi a bushe yana tashin gari mai laushi da ke maƙalewa a huhu ya mayar da shi tabo, ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Shi ya sa aka koma injin da ke tura ruwa ta cikin ƙarfen hudar. An yi ta kwaso ma'aikata daga Mozambik da Lesotho da Malawi da ƙauyukan Gabashin Cape a kan kwantaragi, ana ajiye su a gidajen kwana na maza zalla, tsakanin 1904 da 1910 ma an kawo 'yan ƙasar Sin sama da 60,000. Wanda huhunsa ya lalace sai a sallame shi ya koma ƙauyensu, can zai ƙarasa. Hukumar bincike ta Leon ta ba da rahoto a 1995 cewa sama da ma'aikata 69,000 sun mutu a haɗurran mahaƙun ƙasar daga 1900 zuwa 1993, ban da waɗanda ciwon huhu ya kashe a gida. Sai a 2018 manyan kamfanonin zinare suka amince da biyan diyyar rand biliyan 5 ga masu ciwon huhu da magadansu, aka kafa asusun Tshiamiso don rabawa.

Can ƙarshen hanyar ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Duhun ba irin na dare ba ne, ido ba ya sabawa da shi komai daɗewa. Ma'aikatan farko da kyandir suke shiga. A zurfin da muke babu zafi, amma ya ce kada wannan ya ruɗe mu: zafin dutse na ƙaruwa da zurfi, a mahaƙar Mponeng da ke yamma da birnin, wadda zurfinta ya kusa kilomita 4, dutsen kan kai digiri 60, sai an riƙa tura ƙanƙara da sanyayyen ruwa ƙasa kafin mutum ya iya aiki.

Batun ruwan da ya cike ƙasan ramin kuwa, ga yadda yake. Muddin ana haƙa, ana zuƙe ruwa da famfo dare da rana. Da aka rufe mahaƙun aka kashe famfunan, ruwa ya fara hawa. Farait ɗin nan mai ƙyalli idan ya haɗu da ruwa da iska yana haifar da asid, asid ɗin kuma ya narko ƙarfe da sauran ma'adinai masu guba, har da yuraniyam. Ramukan yankin da yawa a haɗe suke ta ƙarƙashi, saboda haka matsalar ta zama ta gari gaba ɗaya. A 2002 irin wannan jan ruwan ya ɓullo saman ƙasa a wajen Krugersdorp. Yanzu akwai tashoshin da ke zuƙo shi, a zuba masa farar ƙasa a kashe kaifinsa kafin a sake shi.

Da muka fito aka kai mu ɗakin narka. Kafin a kai ga wuta, hanyar da dutsen ke bi doguwa ce. A farko ana dakan sa da manyan taɓaren ƙarfe masu aiki da inji, akwai irinsu a ajiye a harabar, sannan a gangarar da kwaɓin a kan farantan jan ƙarfe da aka shafe da zaiba, ita kuma ta kama zinaren. Wannan ya yi aiki a dutsen sama wanda iska ta riga ta cinye, amma da aka nutsa aka tarar da mai farait, sai zaiba ta kasa, zinare ya riƙa bin shara, har wasu suka ɗauka garin ya mutu ke nan. Abin da ya cece shi shi ne hanyar sayanayid, wani sinadari mai guba, ta MacArthur da 'yan'uwan Forrest daga Glasgow, wadda aka fara amfani da ita a nan a 1890. A niƙe dutsen lukui, a jiƙa shi a ruwan sayanayid mai rauni ana hura masa iska, zinaren ya narke ya bi ruwa. Dole a sa farar ƙasa a ciki, in ba haka ba ruwan ya yi tsami ya saki iskar da ke kisa nan take. A tace, a zuba tutiya, zinaren ya kwanta kamar baƙin taɓo, shi ne ake busarwa a kai wuta.

Zinare na narkewa a digiri 1,064. Mai narkar, sanye da rigar kare zafi da abin rufe fuska, ya zaro tukunyar daga tanderu da doguwar awartaki, ya karkata ta a kan mazubi. Ana haɗawa da sinadarin boraks da yashi don dattin ya taso sama ya zama kashin maƙera, a fasa shi a cire bayan ya huce. Mazubin sai an gasa shi tukuna, domin ɗigon ruwa ɗaya a ciki ya isa ya zama tururi ya watsa narkakken ƙarfe a jikin mutane. Abin da ke fitowa daga mahaƙa ba tsantsa ba ne, akwai azurfa a ciki, sai an kai matatar Rand da ke Germiston a tsarkake shi. Na taɓa dunƙulen da suke nuna wa baƙi. Hannu na raina shi saboda ƙanƙantarsa, amma nauyin zinare ya ninka na ruwa fiye da sau 19, ga gefensa a zame, yatsu ba sa samun makama.

A ganina wanda ya shiga ramin nan bai kamata ya tafi bai tsallaka gidan tarihin wariyar launin fata da ke daura da wurin ba, wanda aka buɗe a 2001. Tikitin shiga ne ke zaɓar maka ƙofa, ta farare ko ta waɗanda ba farare ba. Dokar takardar izinin yawo da tsarin raba magidanci da iyalinsa sun girma ne tare da buƙatar ramukan nan ta ma'aikata. A ba shi awa 3, bai yi yawa ba.

Rabin tafiyar na biyu ya kai ni lardin Mpumalanga, garin Pilgrim's Rest, inda zinaren rafi ne ba na dutse ba. Na yi hayar mota. Hannun hagu ake tuƙi, iyakar gudu a babbar hanya kilomita 120, kuma kyamarori na aiki. Na bi N12 zuwa eMalahleni, ƙasar kwal da hayaƙin tashoshin lantarki, na hau N4, na biya kuɗin tolget kafin Middelburg, na sauka a Belfast na bi ta Dullstroom zuwa Lydenburg, wadda yanzu ake kira Mashishing. A hanya 'yan sandan hanya sun tsayar da ni a shinge ɗaya, suka duba lasisi da takardar motar da ke liƙe a gilashi, suka sallame ni. A gidan mai ma'aikaci ne ke zuba maka, ya goge gilashi, ka ba shi na goro. Bayan an bar N4 akwai ramuka a wurare da dama da manyan motocin dakon ma'adinai, ba hanyar dare ba ce. Abincin halal ya yi ƙaranci a wannan ɓangaren, na dogara da guzurin da na yo daga Fordsburg da kifin da Dullstroom ta shahara da shi. Tafiyar ta ci kusan awa 5, ƙarshenta hawan Robber's Pass ne mai kwane-kwane, inda aka yi wa keken dokin gidan waya fashi a 1899 da kuma 1912.

Garin titi ɗaya ne mai tsawo a cikin kwari, gidajensa na katako da kwano, har da otel ɗin Royal inda na kwana. Alec Patterson ne ya fara samun zinare a rafin a 1873, shekara 13 kafin Johannesburg, William Trafford ya biyo baya, labari ya bazu. Da zinaren rafi ya ja baya sai kamfanoni suka karɓe, aka haɗe su a ƙarƙashin Transvaal Gold Mining Estates, har aka rufe mahaƙar Beta a 1972. A lokacin yaƙin Turawan Bowa da Ingila, a 1902, an buga sulallan zinare 986 a nan da injin da aka harhaɗa a maƙerar mahaƙa. A maƙabartar da ke kan tudu akwai kabari ɗaya da ya saɓa wa sauran alƙibla, na wani da aka kama da sata a tantunan mahaƙa. Garin na buƙatar gyara, wasu shagunan a rufe suke, kuma masu sayar da tsaraba sun fi masu saye yawa a ranar da na je.

A wurin nunin haƙar da ke bakin gari aka koya mana wanke zinare da tasa. Duk matar da ta iya rege shinkafa ta riga ta san rabin aikin, sai dai a nan abin da ya kwanta a ƙasa shi ake nema. A cika tasar da tsakuwa da yashi kamar kashi uku cikin huɗu, a nutsa ta cikin ruwa gaba ɗaya, a murtsuke yumɓun da yatsu, domin curin yumɓu na iya mirginawa ya fice da zinare a jikinsa. A wanke manyan duwatsu a cikin tasar kafin a jefar. Sannan a girgiza hagu da dama da ƙarfi, tana cikin ruwa, don mai nauyi ya nutse. A karkata bakin da ke da tsage-tsage gaba, a riƙa tsomawa ana ɗagowa a hankali, ruwa ya share saman kawai. Bayan tsomawa uku ko huɗu a daidaita tasar a sake girgizawa. Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ya manta wannan sake girgizawar, ko ya karkata da yawa don gaggawa. Idan ya rage baƙin yashi kamar cokali biyu, a ɗebi ruwa kaɗan a juya shi a hankali, baƙin yashin ya ja gefe, zinaren ya tsaya a baya. Mai koyarwar ya hana mu shafa mai a hannu, ya ce maiƙo na sa ƙananan ɓarɓashin su yi iyo a saman ruwa su tafi. Don bambancewa kuma, ya sa muka kare tasar da inuwar hannu: farait da sauran masu ƙyalli sai su dushe, zinare kuwa launinsa na nan. Ya danna ƙwaya ɗaya da allura ta lotsa ba ta fashe ba. Ruwan rafin a watan Yuli sanyi ƙarara ne, cikin minti 10 yatsu sun sandare, ga ciwon baya na sunkuyo.

Ya kuma gargaɗe mu da kada mu sayi ɗanyen zinare a hannun kowa. Dokar ƙasar ta 2005 kan ma'adinai masu daraja ta haramta mallakarsa ba da lasisi ba, baƙo ko ɗan gida. Tsofaffin ramukan da ke kewayen garin ba kango ba ne, akwai masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da ake kira zama zama, wasunsu da makamai, don haka ba a bin ƙananan hanyoyin daji ba tare da ɗan jagora ba. A Stilfontein, cikin Janairun 2025, an zaro gawarwakin irin waɗannan mahaƙa 78 daga wani rufaffen rami bayan 'yan sanda sun yi watanni suna tsare bakinsa.

A dawowa na canza hanya, na bi ta Graskop da Sabie na haura Long Tom Pass zuwa Mashishing. Hazo na rufe wannan hawan ba zato, har mutum ya kasa ganin motar da ke gabansa, don haka na cika tanki a Sabie na tashi da hantsi, na mayar da motar a filin jirgi kafin magariba.